Me ake samu a gudu cikin laka?

Damina ta kankama, kuma kamar kowace shekara, da zarar ƙasa ta jiƙe sai masu fita motsa jiki da safe su fara raguwa. Wanda likita ya ce wa ya riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, in ya leƙa waje ya ga hanya ta caɓe, sai ya koma ya ja mayafi ya ce bari rani ya zo. Rani ya zo a ce zafi ya yi yawa, hunturu ya shigo a ce ƙura da mura. Haka shekara take ƙarewa, kambas ɗin da aka saya da tsada yana ƙarƙashin gado.

Abin yana damuna ne saboda mu muke miƙa maganin. Mutum zai zo duk wata ya sayi ƙwayoyinsa ba fashi, amma rabin abin da aka rubuta masa, wato motsa jiki, ba a kantin magani ake sayar da shi ba, shi ya sa shi ake fara yarwa. Alhali ba ƙaramin rabi ba ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi diddigin mutum sama da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ga zama ciwo ba. Waɗanda aka ba maganin metformin, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 cikin ɗari. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran cima da rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako kuwa, nasu ya ragu da kashi 58. Ga mai hawan jini, motsa jiki a kai a kai yana iya sauke lambar sama ta awonsa da 5 zuwa 8. Kusan kowa ya taɓa jin irin wannan bayani a asibiti ko a rediyo. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗorewa. Saboda haka yau nake so mu leƙa wurin wasu mutane da suka ɗore, waɗanda lokacin laka ma shi ne kakarsu, mu ga abin da ke riƙe su.

A Ingila akwai wani irin tsere da ake yi a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin da ruwa ke yawan zuba, rana kuma ba ta daɗewa a sama. Ba a kan kwalta ake yin sa ba. Makiyaya da dazuzzuka ake ratsawa, a hau tudu, a gangara, a tsallake rafi. Bari mu kira shi tseren ratsa daji. Asalinsa wasan 'yan makaranta ne: mutum biyu su yi gaba a matsayin zomaye suna yaryaɗa guntayen takarda, sauran su biyo sawu a matsayin karnukan farauta. Daga baya manya suka ɗauka. Kulob mafi daɗewa a wannan harka, Thames Hare and Hounds, an kafa shi tun 1868 kuma yana nan har yau, sunansa ma zomon nan da karnukan yake nufi.

Babbar gasarsu ta ƙasa ta faro ne a 1876, kuma wurin da ya fi suna cikin wuraren da ake yin ta shi ne Parliament Hill, wani tudu a arewacin Landan. Manyan maza suna gudun kilomita 12, kuma a irin wannan rana sun fi mutum dubu a layin farawa. Ana harba bindigar tashi sai su dunguma su fuskanci tudun baki ɗaya. Kafin a zo kansu, yara da matasa da mata sun riga sun bi hanyar, ƙasa ta koma kamar kunu. Laka takan zare wa mutum takalmi, shi ya sa wasu ke naɗe nasu da salatif kafin a fara. Mafi yawan waɗannan mutane ba 'yan wasan sana'a ba ne. Malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da direbobi da 'yan fansho. Babu kuɗin da za su samu. In an gama, sai kowa ya koma rumfar kulob ɗinsa, a buɗe fulas a sha shayi ana karkarwar sanyi ana dariya, mako biyu su sake dawowa wani filin.

To me ya kai su? Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne yadda ake lissafin nasara, domin a nan dabarar take. Ana tara matsayin da 'yan kowane kulob suka zo ne, mutum huɗu ko shida na farko gwargwadon ƙa'idar gasar. Wanda ya zo na 3 ya kawo maki 3, wanda ya zo na 80 ya kawo 80, kulob ɗin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Ma'ana, ko kuna da zakaran da ya zo na ɗaya, in mutum na shida ɗinku ya sare a hanya, kun rasa. Har wanda bai shiga lissafi ba yana da amfani, don duk ɗan wani kulob da ya wuce ya ƙara wa abokan hamayya maki ɗaya. Mutumin da ke can baya, yana fama da numfashi a matsayi na 400, ya san ana jiran sa kuma ana buƙatar sa. Wanda ya san haka da wuya ya kwanta a gida don ana yayyafi.

Ita kanta lakar tana da nata alherin. A kan kwalta mai gudu kullum idonsa na kan agogo, yana gwada yau da jiya, yana gwada kansa da wane. A cikin laka agogo ba shi da ta cewa, domin hanya ɗaya ma in ka bi ta yau, mako mai zuwa ta canza. Hankalinka duka yana kan inda za ka ajiye ƙafa ta gaba, don haka na tsawon minti arba'in babu gurbin tunanin kuɗin haya ko kuɗin makaranta. Masu fama da yawan tunani sun san darajar irin wannan hutu. Sannan laka ba ta san babba ba. Manaja da masinja duk kala ɗaya suke fitowa, wanda ya zame ya faɗi kuma na kusa da shi ne zai miƙa masa hannu.

A ɓangaren jiki, ƙasa marar daidaito tana tilasta wa ƙananan tsokokin idon sawu da na ƙugu da na ciki su yi aikin daidaita mutum a kowane taku, aikin da ba sa samu a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Taku yana gajarta, nauyi ba ya sauka wuri ɗaya sau dubbai, tudu kuma yana ƙarfafa cinya da zuciya ba tare da an yi gudu mai tsanani ba. Wannan iya tsayuwa da ƙafa shi ne abin da ke hana mutum faɗuwa in shekaru sun ja. Masu cewa gudu yana cinye gwiwa kuma su kwantar da hankalinsu: binciken da aka tattara ya nuna masu gudu daidai wa daida ba su fi masu zaman wuri ɗaya samun ciwon gwiwa ba. Ƙiba da tsohon rauni su ne manyan abokan gabar gwiwa.

Kada a ɗauka harkar Turawa ce kawai. Waɗanda suka fi kowa iya ta a duniya 'yan Afirka ne. A gasar duniya ta tseren ratsa daji, wadda aka fara a 1973, tawagar mazan Kenya ta ci kofi sau 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003. John Ngugi ya ci sau biyar, ciki har da ta 1989 a Norwe, inda ya yi wa sauran fintinkau a cikin laka mai kauri. Paul Tergat shi ma ya ci sau biyar, a jere, daga 1995 zuwa 1999. In ka je Iten, garin da ke kan tsauni mai tsayin kusan mita 2,400 inda da yawansu ke atisaye, abin da za ka gani da sassafe shi ne gungu-gungun masu gudu a kan jar ƙasa. Da wuya ka ga mutum shi kaɗai. Zakaran duniya da yaron da ya zo jiya daga ƙauye layi ɗaya suke bi.

Akwai labarin da nake so iyaye su ba 'ya'yansu. A 2017 an yi gasar duniya a Kampala, babban birnin Yuganda. Ɗan ƙasar, Joshua Cheptegei, ya yi wa kowa nisa a gaban mutanensa, ana ta sowa. A zagayen ƙarshe jikinsa ya ƙi, ƙafafu suka daina jin magana, ya dinga tangaɗi ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙare a na 30. Bai fita daga hanya ba, ya lallaɓa ya kai layi, domin matsayinsa yana cikin lissafin tawagar ƙasarsa. Bayan shekara biyu, a Denmak, a kan hanyar da aka yi wa ramin laka da tudu mai tsauri, shi ya zo na ɗaya. A 2024 kuma ya ci zinare a tseren mita 10,000 na wasannin Olamfik a Faris.

Yanzu mu dawo kan kulob. Abin da kulob ke yi wa mai motsa jiki kusan shi ne abin da adashi ke yi wa mai tara kuɗi. Kowa ya san zai iya ajiye dubu biyar duk mako a asusunsa, amma mutum nawa ne ke yi? Da an shiga adashi kuwa, ranar zubi ko ana ha-maza-ha-mata sai an nemo, saboda akwai idon mutane kuma akwai alkawari. Haka wanda ya san mutum biyar na tsaye a bakin get ƙarfe shida suna jiran sa. A kulob ne sabon shiga ke koyon abin da ba ya cikin littafi, kamar ya rage sauri a farko, ya gane bambancin ciwon gajiya da ciwon rauni. A nan ne kuma ake cigiyar mutum in an kwana biyu ba a gan shi ba. Ga wanda aiki ko kasuwanci ya kawo Legas ko Fatakwal ko Abuja, dangi suna nesa, wannan cigiya ba ƙaramin abu ba ce.

Ga mata abin ya fi haka muhimmanci. Matar da ta ce ba za ta fita ita kaɗai da duhun safiya ba tana da gaskiya, kuma ba ragwanci ba ne. Amma mata shida tare, a filin makarantar unguwa, da dogon wando sakakke da mayafi marar nauyi, babu mai tare su. Maigida, in ka ga uwargida ta samu irin wannan ayari, riƙe mata yara na awa ɗaya ranar Asabar ya fi maka sauƙi a kan kuɗin maganin suga na shekara ashirin.

Sai ɓangare na uku, wanda a ganina ya fi sauran biyun daraja kuma shi aka fi mantawa da shi: masu aikin sa kai. Ba 'yan sa-kai na tsaro nake nufi ba, ina nufin mutanen da ke ba da lokacinsu kyauta don tseren ya yiwu. Waccan gasar Ingila ta farko ta 1876 soke ta aka yi, saboda duk masu gudun sun ɓace hanya a cikin daji. Tsere ba ya yiwuwa sai da mai tsayawa a mararraba yana nuna hanya, da mai riƙe agogo, da mai rubuta sakamako, da wanda ya zo tun da asuba ya kafa tutoci, da wanda zai tsaya bayan kowa ya watse ya kwashe su. A tseren ratsa daji waɗannan mutane sukan yi awa uku ko huɗu a tsaye cikin ruwa da sanyi, kuma mafi yawansu 'yan kulob ne da iyayen yara da tsofaffin 'yan gudu.

Misali mafi kyau na abin da aikin sa kai zai iya ginawa shi ne parkrun. Ranar 2 ga Oktoba, 2004, wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt, wanda rauni ya hana shi gudu a lokacin, ya gayyaci abokansa wani lambun shaƙatawa da ake kira Bushy Park a Landan. Mutum 13 suka yi gudun kilomita 5, shi kuma ya riƙe musu agogo. Lura da wannan: wanda ya kafa abin bai yi gudu ba ranar, so yake kada rauni ya raba shi da mutanensa. Yau ana yin parkrun duk safiyar Asabar a ƙasashe sama da 20, ciki har da Afirka ta Kudu da Namibiya, kyauta, kuma masu aikin sa kai ne ke gudanar da kowane ɗaya. Akwai na yara ma, kilomita 2 ranar Lahadi, ga 'yan shekara 4 zuwa 14.

Cikin ayyukan da ake rabawa akwai wanda ya fi burge ni. Ana naɗa mutum ɗaya ya zama ɗan baya, aikinsa ya taka a bayan kowa, ya zama shi ne na ƙarshe a layi. Saboda haka duk wanda ya zo, ko da sanda yake dogarawa, ba zai taɓa zama na ƙarshe ba. Wanda ya taɓa jin kunyar ƙibarsa ko shekarunsa ya san abin da wannan ke nufi. Masu shirya abin suna alfahari da cewa matsakaicin lokacin gamawa yana ƙara tsawo shekara bayan shekara, don hakan na nuna waɗanda da ba sa fitowa sun fara fitowa. Tun 2018 ƙungiyar likitocin iyali ta Birtaniya ta ƙulla haɗin gwiwa da su, likita yana iya ce wa majinyaci ya je can ranar Asabar, ya yi gudu, ko ya taka, ko ya yi aikin sa kai. A wani bincike da jami'ar Sheffield Hallam ta yi a kan mahalarta sama da 60,000, waɗanda ke haɗawa da aikin sa kai sun fi masu gudu kawai bayyana cewa farin cikinsu ya ƙaru.

Wannan bai ba ni mamaki ba, kuma bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mun san aikin gayya. Wanda ya je gayyar noma ko ta yaɓen ɗaki ya san gajiyar ranar daban take da gajiyar aikin kuɗi. Abin da aikin sa kai ya ƙara shi ne ya buɗe ƙofa ga wanda gudu ya fi ƙarfinsa: baba ɗan fansho da gwiwa ta hana, mai juna biyu da ciki ya tsufa, wanda ke murmurewa daga jinya, saurayin da ya gama makaranta yana zaman jiran aiki. Dattijon da ya bar aiki, wayarsa ta daina ƙara, in aka ce masa "Baba, kai ne mai agogo ranar Asabar," an ba shi dalilin tashi da wuri da sa riga mai kyau. Kaɗaici ya kai matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa masa kwamiti na musamman a 2023, kuma babu ƙwayar da zan iya miƙo maka a kansa.

A nan gida ba mu rasa tsere ba. An fara tseren hawan tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005, kimanin kilomita 11 ana hawa. Akwai na Okpekpe a Jihar Edo, kilomita 10 a kan tuddai, tun 2013. Akwai gudun fanfalaki na Legas da aka fara a 2016, kuma 'yan Jihar Filato, waɗanda suka tashi a kan tsaunuka, su suka saba yin fice cikin 'yan gida. Duk wanda ya bi ta babban filin wasa na Surulere ko gadar Lekki zuwa Ikoyi ko bakin tafkin Jabi a Abuja da safiyar Asabar ya san masu sha'awa suna da yawa. Amma manyan tsere sau ɗaya ake yi a shekara, hawan jini kuwa kullum yana nan. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne ɗan ƙaramin taro na mako-mako a cikin unguwa, wanda ba sai an shiga mota an je ba.

Kafa shi ba wuya. Mutum biyar, fili ɗaya da aka nemi izinin masu shi, rana ɗaya da lokaci ɗaya da ba sa canzawa ko mutum biyu ne suka zo. A raba aiki, a riƙa juya shi: mai agogo, mai ruwa, mai kula da yara, ɗan baya. Roƙona ɗaya, kada a fara da anko da kuɗin rajista da zaɓen shugaba da ma'aji. Mun san yadda ƙungiyoyinmu ke mutuwa tun kafin a yi taro na uku.

Sai dai dole in sa rigar aikina a nan, domin laka suna ta tara. Lakar gona ko ta filin ciyawa daban, ruwan kwata da ya malalo kan titi bayan ambaliya daban. Na biyun ba wurin wasa ba ne ga babba ko yaro. Yana ɗauke da bahaya da fasassun kwalabe da fitsarin ɓera, kuma ta fitsarin ɓera ake kamuwa da cutar da likitoci ke kira leptospirosis. Ƙwayar cutar tana shiga ta rauni ko ido ko baki, bayan mako ɗaya zuwa biyu sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sharaɓa da jan ido, wani lokaci har da shawara da taɓuwar ƙoda. Da yake ta yi kama da maleriya da taifot, sau da yawa ana ta shan maganin da ba nata ba. In zazzaɓi ya biyo bayan shiga irin wannan ruwa, a gaya wa likita an shiga, wannan kalma ɗaya tana iya canza maganin da zai rubuta. Kududdufi da rafi marar gudu kuma gidan tsargiya ne, a zagaye su. Kada a yi gudu ba takalmi, saboda akwai tsutsar ciki da ke huda fatar tafin ƙafa, ga kuma macizai da ke yawaita cikin ciyawa da damina.

Duk raunin da ƙasa ta shiga, a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta mai yawa, a rufe. Ban da toka, ban da man birki, ban da man goge baki. Ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau a cikin ƙasa take zaune, ba a tsatsar ƙusa kaɗai ba, kuma allurar rigakafinta ana sabunta ta duk shekara 10, ko bayan 5 in raunin mai zurfi ne kuma mai datti. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk ranar da ya fita, don yana iya jin rauni bai sani ba.

Game da magunguna, abin da na fi gani shi ne shan ibuprofen ko diclofenac kafin a fita, wai don kada jiki ya yi ciwo. Ku daina. Lokacin gudu jini yana raguwa a ƙoda, zufa tana rage ruwan jiki, waɗannan magunguna kuma suna ƙara takure jinin da ke zuwa ƙodar, ga su da tayar da gyambon ciki. Haɗe-haɗen nan da ake ƙullawa a leda a ce maganin gajiya ne, galibi irinsu ne a ciki. Tramadol kuwa ba ma a maganarsa: yana ɓoye ciwon da ke gargaɗinka, yana kama mutum, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa.

Akwai wanda mutane da yawa ba su sani ba. Ciprofloxacin, wanda ake yawan sha da sunan maganin taifot, da 'yan uwansa irin su levofloxacin, suna iya raunana jijiyar agara har ta tsinke. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da wanda ke shan prednisolone ko dexamethasone, kuma yana iya ɗaukar makonni bayan an gama shan maganin. In kana kansa, ka ajiye gudu da hawan tudu, in kuma ka ji zafi a bayan diddige ka koma wurin wanda ya rubuta maka. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin kada ya fita da yunwa, ya sa dabino ko alewa a aljihu, kuma abokan tafiyarsa su san halin da yake ciki. Mai shan atenolol ya sani bugun zuciyarsa ba zai hau kamar na kowa ba, don haka ya auna kansa da magana: in yana iya yin jimla ba tare da yankewar numfashi ba, yana daidai. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ya fi saurin bushewa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a jikinsa, ba a mota ba. Kuma don awo ya fara kyau, ba kai za ka rage wa kanka magani ba, ka kai wa likita sakamakon shi ya rage.

Ba a gudu da zazzaɓi. Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba ko numfashin da ya wuce misali, duk alamun tsayawa ne a nemi asibiti, kuma mai ciwon zuciya ko wanda hawan jininsa bai daidaita ba ya ga likita tun kafin ya fara.

Zafi ma abin kiyayewa ne ko da damina. An cire tseren ratsa daji daga wasannin Olamfik ne bayan na Faris a 1924, inda aka yi shi cikin tsananin zafi, mutum 38 suka fara, 15 kacal suka gama. A garuruwan kudu iska tana da laima, zufa ba ta bushewa, jiki kuma ba ya hucewa, don haka sassafe ya fi. A sha ruwa gwargwadon ƙishi. Ɗura ruwa fiye da kima a doguwar tafiya yana tsinka gishirin jini, shi ma haɗari ne. In fitar ba ta kai awa ɗaya ba ruwa ya isa, in ta wuce kuma an yi zufa sosai, ruwan gishiri da suga na ORS ya fi lemon ƙara kuzari. Yayyafi ba ya hana fita, amma da an ji tsawa a shiga gini, ba gindin bishiya ba, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe.

Ga wanda bai taɓa gudu ba, tsarin da hukumar lafiya ta Birtaniya ke ba sababbin shiga na mako tara ne, sau uku a mako da hutun kwana ɗaya a tsakani. Makon farko, bayan tattakin minti biyar, sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20. Ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mutum ya iya minti 30 ba tsayawa. In mako ya yi maka nauyi ka maimaita shi, babu mai kora. Tsohon kambas mai ƙwanƙwasar tafi ya fi sabo mai santsi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a ɗaure igiya sau biyu. In an dawo a cire safa nan take, a wanke ƙafa a tsane tsakanin yatsu don kada su ruɓe. Shi kuma takalmin a ɗauraye lakar tun ba ta bushe ba, a zare shimfiɗar ciki, a cusa masa takardar jarida ta tsotse ruwan, a ajiye a inuwa. Wannan da ke hannunka ma za ta yi, in mutanen gida sun gama karantawa.